Jidda, Tunda Baƙinki Sun Hana Ki Zuwa

Assalamu alaikum, autata Jidda. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana Amir.

Mu nan unguwarmu ta Titiwangsa sai godiya. Yayanki Sadiq lafiya lau, matarsa ce ke fama da laulayi. Abbanku ƙafar nan ta sake kumbura, amma bai fasa zuwa jami'a ba. Ni jikina ƙalau, barci ne dai babu.

A da, idan damina ta sauka can garinku Krabi na ƙasar Thailand, Turawa masu yawon buɗe ido suka watse, sai ku rufe masaukin baƙinku ki taho mana wata guda. Ina tuna ki a kicin kina tuƙa tuwo, kina yi mini dariya ina haɗa baƙaƙe a jikin gwangwanin madara.

Korona ta wuce, ke ba ki dawo ba. Kin ce yanzu mutanen Thailand da kansu ne ke cika muku ɗakuna. Sun daina shiga manyan motocin yawon buɗe ido. Kowa da motarsa, da 'ya'yansa, da tsohuwarsa a kujerar baya. Ba sa son babban otal, sai ƙaramin gida irin naku. Su kwana biyu su tafi, wasu su shigo, ko ana ruwa ko ana rana. Babu sauran lokacin rufewa.

Ba na baƙin ciki da arzikinki, Allah ya ƙara. Amma tsohuwar nan ta kujerar baya ta tsaya mini a rai. Amir yana hawa cinyar kakannin wasu, ni kuwa da ya gan ni a waya sai ya ɓuya bayan zaninki.

To ni zan zo. Abbanku ya ce zan ɓata a bodar shiga Thailand, wai rubutunsu kamar taliya. Sadiq ya ce da yaren mutanen nan, "Umma, tak boleh lah," wato ba zai yiwu ba. Ina jin tsoro, ban musa ba. Amma sai da furfura ta fito mini na koyi karatu, yau ga shi ni kaɗai nake hawa jirgin ƙasa zuwa unguwar Bukit Bintang ina karanta sunan kowace tasha. A shafina na intanet na sa wannan wasiƙar, inda kowa zai gani, don kada a lallashe ni in fasa.

Allah ya tsare ku, ya raya mana Amir. Ki ba ni amsa kafin Juma'a. Ba izini nake nema ba. Ki gaya mini dai, akwai ɗaki, ko in taho da tabarmata?

Taki,
Umma.