Kwallin Mairo

Ɗanzomo, Litinin

Adda Munira,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara? Gaisuwar ke nan, ba ni da numfashin doguwa.

Ga ruwan rijiyarmu nan a gora, na ba direban Gumel. Ki zuba shi a na'urar nan ta wurin aikinku da kike cewa tana ganin ƙarfe a cikin ruwa. Ummi har yanzu babu sauƙi. Ciwon ciki, ƙin abinci, kuma 'yar da ta fara ce mini "Baba" ta koma kallona kamar baƙo. Na karanta a wani tsohon littafin kiwon lafiya da na saya a kasuwar Maigatari: aikin dalma ne. To wa ke fasa tsofaffin batura a bakin rijiya? Shehu. Na faɗa masa a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya ce, "Sannu likita, a wace makaranta?" Na ce a wadda ta koya mini ba a kashe 'ya'yan mutane. Tun ranar, da na doso majalisa sai tabarma ta cika. Oho! Tun rasuwar Mairo dama da wa nake hira?

Iya ta cusa miki daddawa da kuka, da ɗan kwalli da ta zubo daga tandun Mairo, wai ki riƙa tunawa da matar ƙaninki.

Ki gaida maigidan.
Bilya

Kano, Asabar

Ƙanena Bilya,

Wa alaikumus salam. Ina fata Iya tana lafiya. Allah ya ba Ummi sauƙi.

Ka karanta wannan a zaune. Na'urar tana fesa abin da muka ba ta cikin wata wuta ta iskar argon da ta fi fuskar rana zafi. Kowane ƙarfe yana fitar da irin haskensa a ciki, ita kuma ta auna hasken. Ruwanku bai nuna dalmar da za ta kwantar da yaro ba. Fasa batir kusa da rijiya ba daidai ba ne, amma ba rijiyar ce ta kama Ummi ba.

Ƙyallin kwallin ne bai kwanta mini ba, sai na narkar da ɗan kaɗan a asid na gwada. Bilya, yawancinsa dalma ne. Na tsarma shi, na sauya kwalba, na sake. Amsa ɗaya. Yaro yana murza ido ya sa yatsa a baki. In da shi ake yi wa Ummi kwalliya, a daina yau, ka kai ta likita a auna jininta.

Ka bi Iya a hankali, ba ta sani ba. Kai ma ka sassauta harshenka.

Yayarka,
Munira

Ɗanzomo, Laraba

Adda,

Sallama. Na'urarku ta san wuta, ba ta san gidanmu ba. A daina yau! Daga Kano abin da sauƙin faɗa.

Na karanta wa Iya. Ta ce, "Da kwalli na raine ku duka, wa ya makance? Ita Munirar da idon wa take leƙen injin?" Ashe tun da ciwon ya fara ma safe da yamma take sa mata, wai maganin bakin mutane.

Ni kuma ban hana ta ba, ni Bilya da ake cewa bakina ya fi reza. Kin san me ya sa? Kowace safiya Iya tana ɗora ta a cinya, ta buɗe tandun, ta ja mata layi. Sai yarinyar ta ɗago ta dube ni, sai in ga Mairo. Wallahi Mairo sak, har yadda take ƙanƙance ido idan na faɗi shirme. Babu hotonta a gidan nan, kayanta an raba. Wannan kaɗai ya rage, shi ne kika ƙone a wutarki kika ce guba ne.

Da rijiyar ce da na ji daɗi. Rijiya ana iya zaginta.

Tandun yana nan a taga. Ban taɓa shi ba tukuna.

Bilya

Gumel, Juma'a

Adda Munira,

Assalamu alaikum. Muna asibiti, an ɗebi jinin Ummi. Ga tandun nan, ki ajiye shi nesa da yaranki, amma kada ki jefar. Iya ba ta yi mini magana. Na je na ba Shehu haƙuri, ya amsa sallama bai ɗago ba.

Yau Ummi ta kwana ta tashi ido babu kwalli. Na duba, na sake dubawa. Ashe da ni take kama.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙaninki,
Bilya