Yayana da Feshin Waken Surukinsa

Daga akwatin saƙon admin. Mai saƙon ta roƙi a sakaya sunanta.

Salamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanmu da war haka. Admin ka rufa min asiri ka cire sunana, don in aka gane ni ce a gidanmu, sai dai ku ji an ce wata yarinya ta kwashe kayanta ta koma kan dutse da zama. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni kafin Asabar, in ta wuce Asabar ba na jin za ta yi min amfani.

Ni mace ce, ina aji biyu na babbar sakandare a nan Zuru, kuma ni ce auta a gidanmu. Gara in gaya muku halina da bakina, ina da surutu da ƙarin gishiri. In na ga ɓera a kicin, kafin in kai tsakar gida ya zama ɗan akuya, kafin in kai ƙofar gida ya yi ƙaho. A gida Rediyo suke kirana. To wannan halin ne ya jawo yau nake riƙe da magana ta gaskiya amma na rasa mai saya.

A wannan zangon aka kawo mana sabon malami a darasin sana'a. Tun ranar farko ya ce shi kafin ya koya wa mutum yadda zai ci abinci da sana'a, sai ya fara koya masa yadda sana'ar ba za ta cinye shi ba. Mun yi maganar masu walda da idanunsu, mun yi ta masu injin niƙa da yadda bel yake fizgar gyale ko hannun riga, sai muka zo kan feshin gona. Ranar ya shigo aji da buhu, ya zazzage a kan tebur, ga doguwar riga haɗe da wando, ga safar hannu ta roba, ga tabarau, ga takunkumi mai hanci biyu kamar na alade, ga takalmin ruwa. Ya ce wa zai sa a gani, kafin ya rufe baki ina gaban allo. Takalmin nan wallahi ni da ƙawata za mu shiga ƙafa ɗaya mu bar wa baƙo wuri. Na rinƙa tafiya ina jan ƙafa ina gurnani, aji ya kece da dariya, har shi Malam sai da ya juya baya.

Da aka natsu ya yi mana bayani. Ya ce maganin ƙwari ba sai an sha shi ba, ta fata yake shiga, ta hanci yake shiga, kuma jikin mai gumi ya fi sha. Ya ce kada a dama shi da hannu, kada a busa bakin bututu da baki in ya toshe, kada a yi feshi iska tana dawo da shi fuska, in an gama a yi wanka da sabulu a canja kaya kafin a taɓa abinci. Ya ce manja da nonon da mutane suke sha bayan feshi ba sa wanke komai. Sannan ya faɗi alamomin wanda maganin ya shiga jikinsa: ciwon kai, amai, gumi ba na rana ba, yawu ya yi ta zuba, hannu da tsokar jiki su riƙa rawa, gani ya dushe, ɗan baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura. Ya ce wanda ya kai nan asibiti zai tafi da kwalbar maganin a hannu, kuma in ya koma feshi jikin bai warware ba, na biyun ya fi na farko muni. Duk na ji, don ni ko ina wasa kunnena yana aiki.

Kuskurena shi ne da na dawo gida na tarar da yayana da abokansa a zaure, sai na ce bari in maimaita musu wasan. Na sa tsohuwar rigar ruwan Baba, na ɗaura rariyar tatar kamu a fuska, na zura hannuwana a leda, na fito ina gurnani ina cewa ga yadda gwamnati ta ce a riƙa feshin wake. Suka yi ta faɗuwa. Babanmu tsohon soja ne, ba ya cika dariya, amma ranar har tari ya sarƙe shi. Ɗaya daga cikin abokan ya ce wannan ai Dodon Wake ne, shi ke nan suna ya zauna. Yanzu a unguwarmu ko ƙyalle mutum ya ɗaura a hanci zai je gona, Dodon Wake za a ce masa.

Ga inda matsalar take. Yayana yana golmo. Ga waɗanda ba 'yan nan ba, golmo aikin gona ne da saurayi yake yi wa iyayen yarinyar da zai aura, shekara da shekaru, shi da abokansa, kuma ba aikin kawai ake kallo ba, ana kallon juriyarsa. Ba a cewa na gaji, ba a neman inuwa kafin a ce a huta. Wasu gidajen sun daina, amma baban yarinyar nan mutumin da ne, ya ce shi ma da shi ya auri uwarta. Gonarsa tana wajen Dabai, bana ce shekarar Yaya ta ƙarshe, bayan girbi za a sa rana. Da can fartanya ce kawai, yanzu kuwa har feshi ya shiga cikin aikin, kuma da yake wake ya fara fure, kusan duk mako sai an fesa. Yaya ne yake goya tankin feshin, don ba ya yarda wani ya karɓe shi a gaban suruki.

Asabar da ta wuce Mama ta aike ni in kai musu kunu gonar. Daga nan zuwa ƙarshen wannan sakin layin ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Na sami Yaya ba riga, tankin yana yoyo ta murfi, ruwan maganin yana bin bayansa har cikin wando. Bututun ya toshe, ya cire bakin ya sa a leɓe ya busa, ya tofar, ya mayar. Na ce, Yaya, Malam fa ya ce, kafin in ƙarasa abokansa suka ɗauka, ga Dodon Wake ta zo duba aiki. Baban yarinyar yana zaune a gindin ɗorawa yana murmushi, sai na ajiye kunun na koma gefe. Da za mu dawo Yaya ya ɗauko ni a babur, muna cikin tafiya na ji babur yana kaiwa da komowa, ya tsaya bayan wani dutse ya durƙusa ya yi ta amai. Gumi yana tsiyaya daga haɓarsa, yawu ya ƙi tsayawa, ya kasa ɗaga makullin da ya faɗi saboda rawar hannu. Ya ce min, Auta, hanyar ce ta yi hazo ko idona ne? Na leƙa idon, baƙin ya tsuke, daidai yadda Malam ya faɗa.

Mun daɗe a wurin kafin ya iya miƙewa. Ya tura babur ɗin muka taka har gidan wani abokinsa, ya sha manja, ya watsa ruwa, ya kwanta. Da ya ɗan samu sauƙi muka kama hanya, kafin mu shiga gida ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari Mama ba za ta ji ba. Na ce sai in zai je asibiti, ya ce rana ce kawai ta buge shi, kuma in na kuskura na kunna rediyona a kan wannan, babu ni babu shi. Bai taɓa yi min magana da irin wannan muryar ba, shi ne fa mai ɓoye min tsire a aljihu in Mama ta hana ni fita. Na yi alkawarin.

Na san abin da yake tsoro. Mama tun farko ba ta son golmon nan, in ta ji, ko mayafi ba za ta tsaya nema ba, sai gidan surukan, kuma Mama in ranta ya ɓaci har kajin unguwa sai sun san an yi wani abu. A wurinmu kuwa a ce uwa ta je roƙon a sauƙaƙa wa ɗanta golmo, wannan abin faɗe ne har jikokinsa. Ko an ba shi matar, ya shiga bakin sa'o'insa ke nan, in ma baban bai ce ya fasa ba.

Da yake Mama ce kawai a cikin alkawarin, sai na gwada Baba. Na same shi yana wanke babur na ce Baba, maganin feshi fa yana kisa, kuma na ga alama a jikin wani. Ya ce wane ne wannan karon, ɓeran kicin? Ya ce su sun kwana a cikin fadama sauro yana cinsu ba su mutu ba, in je in ɗebo masa ruwa.

Ranar Litinin na tsaya bayan darasi na ce wa Malam wani maƙwabcinmu ne ya yi kaza da kaza. Mutumin da ko gaishe shi na yi sai ya yi dariya, sai na ga fuskarsa ta canja. Ya tambaye ni idon, ya tambaye ni yawun, ya ce wane ne. Na ce maƙwabci ne. Ya ce, 'yata, in wannan cikin labaranki ne to bai ba ni dariya ba, in kuma gaskiya ne, mutumin nan ya je asibiti, kada ya sake goya tanki sai likita ya gan shi. Ya ce a shirye yake ya bi ni gidan ya yi magana da shi. Na ce a'a da sauri. Sai ya ɗauko buhun kayan nan ya miƙo min, ya ce aro ne, ba magani ba ne, amma in mutumin ya ƙi jin magana ko wannan ya sa.

Na kawo buhun gida na ɓoye a bayan randa, na jira Yaya ya shiga ɗaki shi kaɗai na kai masa. Ya buɗe, ya ɗaga takunkumin da yatsa biyu, ya dube ni ya ce, ke da kanki kika mayar da abin nan abin dariya a gaban abokaina, yanzu ni kike so in sa shi in shiga gonar surukina? Ya ce in ya sa, baban zai ce ƙyamar gonarsa yake yi, abokai kuma har ranar biki da Dodon Wake za su yi masa waƙa. Na ce to asibiti fa, ya ce bayan Asabar. Na ce to ka bar wani ya goya tankin, ya ce feshin ƙarshe ne, na babbar gona, shi zai yi abinsa ya gama da mutunci. Na fashe da kuka, ya ce in tafi da wasan kwaikwayona waje. Abin da ya fi ci min rai, da ya miƙo min buhun hannunsa yana rawa har yanzu, kuma na lura kwana biyun nan tuwo kaɗan yake taɓawa ya ture.

Yanzu ga abin da yake yawo a kaina. In na gaya wa Mama na karya alkawari, kuma wataƙila na rusa auren da ya yi shekaru yana wa wahala. In na kawo Malam, Yaya zai ce na kai sirrinsa makaranta, kuma ban san yadda Baba zai karɓi baƙo ya zo yana koya masa kula da ɗansa ba. Na yi tunanin in je wurin matarmu, haka nake kiran budurwar tasa, don tana sonsa ba da wasa ba, kuma ita kaɗai ce take iya juya babanta, in maganar ta fito daga bakin baban cewa kowa ya rufe jiki ko a ɗaga feshin, babu wanda zai ce Yaya ya yi ragwanci. Amma in ta tsorata ta gaya wa mamarta, kafin yamma labari ya zaga Dabai ya dawo gidanmu da ƙafarsa. Kuma ita ma ta san ni, ranar da na ce mata Yaya ya yi kokawa da kura har yau tana tsokanata da ita. Har na yi tunanin in kwance bakin bututun in jefa a masai, sai na tuna kowane gida a layinmu akwai tanki, aro ba zai yi masa wuya ba.

Iyayena, musamman 'yan ƙasar Zuru da kuka san golmo, da ma'aikatan asibiti da ke cikin zauren nan, wa zan fara tunkara, Mama, Malam, ko matarmu? Akwai hanyar da za a kai mutum irin yayana asibiti ba tare da an ce ya gudu daga gonar suruki ba? In kuma babu, in karya alkawarin ya daina yi min magana, ko in riƙe shi in zuba ido? Ni dai na fi son ya yi shekara yana fushi da ni yana raye, amma ina tsoron in buɗe baki a sake cewa Rediyo ce, in yi asarar yayan kuma ban hana komai ba. Buhun yana bayan randa, tankin yana jingine a zaure an riga an wanke shi, kuma ɗazu na ji Yaya yana waya yana ce wa abokansa su fito da wuri ranar Asabar.