Fistan Goma Sha Shida da Ka Sayar Mini

Zuwa ga Alhaji mai kantin kwamfuta na bayan kasuwar Saint-Michel, Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan kantinka. Ban kama sunanka ba saboda marigayi mahaifinka, wanda muka yi shekaru muna sallah a sahu ɗaya nan Zongo. Amma ka san kanka, kuma masu karanta wannan a zauren 'yan kasuwa na waya sun san ka.

Ni ne tsohon direban nan mai dogara sanda. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Faɗa nake yi, 'yata Hadiza tana rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana. Sau uku na zo kantinka, sau uku ana ce mini ka tafi tashar jiragen ruwa fitar da kaya. Shi ya sa na fito fili.

Ɗana Mustafa zai bar gida. 'Ya'yana maza uku ne, biyu sun riga sun tafi, sai dai muryarsu a waya ranar salla. Shi kaɗai ya rage mini. Shekararsa ashirin da bakwai, sana'arsa wasan kwamfuta. Na daɗe ina zagin abin, har na ga mutane suna kallon wasansa ta intanet, yana shiga gasa, yana sauke mana buhun shinkafa da abin da ya ciwo. Wani abokinsa a Legas ya yi masa tayin wurin zama da na'ura mai kyau. Sai na sayar da filina na Sèmè-Kpodji, na ce zan haɗa masa tasa a nan, wadda ta fi ta Legas, don ya zauna.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar salla muka zo wurinka ni da shi. Ka ɗora mana firosesa biyu a tebur, ka ce ita ce ƙwaƙwalwar na'ura. Ɗaya mai ƙwaya shida, jaka ɗari da hamsin, wato sefa dubu ɗari da hamsin. Ɗaya mai ƙwaya goma sha shida, jaka ɗari huɗu da hamsin. Na tambaye ka mece ce ƙwaya, ka ce kamar fistan ce a injin mota. To, Alhaji, shekara talatin da huɗu na yi ina jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Kwatano zuwa Malanbil. Wa zai koya mini fistan? Nan take na nuna babbar. Mustafa ya ja hannun rigata, ya raɗa mini cewa ƙaramar ta isa, a zuba sauran kuɗin a katin hoto, wai shi ne ke ɗaukar nauyin wasa. Na daka masa tsawa a gabanka. A gidajenmu ɗa ba ya mayar wa ubansa magana a gaban baƙo, sai ya sunkuyar da kai. Kana tsaye kana gani. A Zongo aka haife ka, ka san shirun nan ba yarda ba ce. Ka ɗauki biro ka rubuta faktir, takardar ciniki.

Na biyu. Abin da ya saura bai sayi komai ba sai ƙaramin katin hoto. Da aka haɗa, wasa ya riƙa sarƙewa, hoto ya tsaya ya zabura kamar motar da man ta ya haɗu da ruwa. A gasar farko wani tela na Placodji, mai ƙwaya shida da kati mai kyau, ya fitar da Mustafa tun zagayen farko, jama'a suna kallo. Washegari yaron ya jawo mini kujera, ya kunna wasan, ya buɗe wani shafi mai ƙananan tagogi goma sha shida, kowace ƙwaya da tagarta. Huɗu ko biyar suna motsi. Sauran a kwance suke. Na zauna ina kallonsu har aka kira la'asar, ina jiran su tashi, ba su tashi ba. Daga baya Hadiza ta bincika, aka ce mata irin wannan babbar ta masu haɗa fim ce da masu zanen gine-gine, waɗanda aikinsu ke rabuwa kashi-kashi. Wasa kuwa ƙwaya 'yan kaɗan yake sa wa aiki. Kai ka san haka tun ranar.

Na uku, zafi da wuta. Ɗakin yaron nan ya koma kamar gidan burodi. Fankar cikin na'urar tana kuka wuni guda, kontar wuta, wato mita, kuma tana shanye abin da muka saba yin sati biyu da shi a kwana kaɗan. Fistan goma sha ɗaya suna barci, ni ke ciyar da su.

Na huɗu shi ne ya fi ci mini rai. Wani bakanike a Paraku ya taɓa ƙin ɗaura mini famfon mai da na nace sai shi. Na zage shi, ya ce in kai motata wani gareji, shi ba zai sa hannu ba. Har yau ina yi masa addu'a. Mahaifinka atamfa yake sayarwa, kuma da bakinsa yake gaya wa mace wadda ke zuba, ko da ita ta fi tsada. Na san za a ce ni na zaɓa. Haka ne, ni na zaɓa, da jahilcina da taurin kaina. Amma aikin wanda ya sani ke nan, ya tare wanda bai sani ba. Ma'aikacinka ya ce garanti ba ta shafe ni ba tunda abin bai lalace ba. Ai da ma ya lalace, da na sami abin faɗa wa ɗana.

Ga roƙona. Ba kuɗi nake nema ba. Ka karɓi babbar, ka ba mu ƙaramar, ka cika da katin hoton da yaron ya ce. Cire abin da za ka cire na amfanin da aka yi da ita, ba zan yi jayayya ba. Sannan duk tsohon da ya shigo kantinka da ɗansa a baya, kai sunkuye, ka dubi ɗan ka tambaye shi me yake so, kafin ka taɓa biro.

Ban ce wannan zai tsayar da Mustafa ba. Ya riga ya sayar da kujerar wasansa. Ba ya ƙara cin tuwo da ni, sai ya durƙusa ya gaishe ni ya wuce, da ladabin da ya fi zagi ciwo. Hadiza ta ce in kira shi in ce na yi kuskure. Na gwada, na kira shi har ɗaki, da ya zauna sai na tambaye shi ko an biya kuɗin ruwa. Shekara saba'in da ɗaya, bakina bai saba ba. Yana cikin zauren nan na waya, zai karanta tare da kowa. Iyakar abin da na iya ke nan.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi wa kasuwarka albarka, ya bar maka 'ya'yanka kusa da kai.

Wassalam.

Tsohon direba,
Zongo, Kwatano.