Na Fitar Da Shi Bayan Iyakar Harami

Assalamu alaikum. Na karya wa wani mutum baya da ƙarfen kwance taya, yau wata huɗu ke nan, kuma ba wanda ya san ni ne sai shi da Allah. A ɓoye sunana. Ban yi makaranta ba, a waya na koyi rubutu, ku yi haƙuri da shi. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

A da ni ɗan daba ne a Kano. Na sari mutane, an sare ni. Da zama ya gagare ni sai na ja ƙanena Habu, tela ne shi, bai taɓa marin kowa ba, muka bi ta ƙasa har Sudan, muka shiga jirgin katako a ɓoye don mu tsallaka Bahar Maliya. Rana ta uku da hantsi inji ya mutu, iska ta tashi, ruwa ya fara shigowa. Mai jirgin yana da na hannun damansa, Bahaushe irinmu, zan kira shi Bawa. Ya fara jefa kaya. Kaya suka ƙare, ya koma kan marasa lafiya. Habu zazzaɓi ya kayar da shi, ko idonsa ba ya iya buɗewa. Na ce, "Ƙanena ne, yana numfashi!" Bawa ya ce, "Mu ma muna numfashi." Na yunƙura, ya buga mini ƙarfe a goshi, mutum uku suka danne ni. Ina kallo ya kama ƙafafun Habu. Ko ƙara bai yi ba.

Ina kwance cikin jinina da ruwan gishiri na ce, ya Allah, in ka kai ni garinka da raina, ba zan sake ɗaga hannu a kan kowa ba a cikin garinka. Kafin la'asar iska ta kwanta.

Allah ya cika nasa. Na shigo Makka ba takarda, ba takalmi. Na kwana a duwatsu, aka yi ta kame ana wuce ni. Daga baya na samu kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, mai tsoron Allah, na samu iƙama, takardar izinin zama, na samu dabbab, ƙaramar motar da nake dakon awaki da ita. Na yi aure a unguwar Hindawiyya, 'ya'yana biyu mata. Ni ma na riƙe nawa alƙawarin shekara tara. Wani direban tasi ya taɓa tofa mini yawu a fuska, na goge na wuce. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai Ustazu mai tabon daba.

Sai ranar nan a kasuwar Zahir na tsaya sayen asuwaki a ƙofar masallaci. Mai sayarwar ya yi furfura, ga gemu, ga tabon sujada. Ya ce, "Bismillah ɗan'uwa, ɗanye ne, yau aka kawo." Muryar ce na fara ganewa, sannan na ga kunnensa na hagu mai tsaga. Bawa ne. Na saya. Na yi masa godiya ma. Mako uku ina zuwa ina gaishe shi. In na rufe ido ƙafafun Habu nake gani. Shi yana sahun gaba, ƙanena yana cikin kifi? To amma alƙawarina fa? Kullum ina wuce alamar iyakar Harami a hanyar Jidda, inda garin Allah ya ƙare. Wata rana ina wucewa sai zuciyata ta ce, ai cewa ka yi a cikin garinka. Nan kuma waje ne. Wallahi har daɗi na ji.

Na ce masa akwai aikin loda awaki a wata gona, ina neman mai kama mini. Ya yarda. Muka yi azahar tare, kafaɗa da kafaɗa. Muka hau hanya. Da muka wuce alamar na ƙara tafiya sosai don in tabbata, na sauka daga kwalta, na tsaya bayan wani dutse. Rana kamar wuta. Ya ce, "Ina awakin?" Na ce, "Ka tuna Habu?" Ya ce, "Wane Habu?" Wannan tambayar ce ta gama komai. Na zaro ƙarfen kwance taya. Duka na farko a gwiwa, ya faɗi. Na biyu a haƙarƙari. Ya juya yana ja da ciki, na sauke masa na uku a gadon baya, na ji abin ya tsage kamar busasshen ice. Bai nemi ceto ba, salati kawai yake yi. Na bar shi a nan ina zaton ya mutu. Abin kunyar da ya fi damuna, da na dawo cikin iyaka tattabaru suka sauka a titi, na taka birki don kada in taɓa tsuntsun Harami. Ga jinin mutum a wandona.

Wani makiyayi ya tsince shi. Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu. Aka tambaye shi a asibiti, ya ce mota ce ta buge shi, bai ga lambarta ba.

Ni kuwa na ci gaba da sallata, ina ganin ban saɓa ba. Akwai wani ɗalibi daga Zamfara da ke yi mana karatu bayan la'asar a masallacin unguwa. Wata rana ya ɗauko labarin Banu Isra'ila. Ya ce Allah ya tsaga musu teku suka wuce, Fir'auna ya nutse a gaban idonsu, ƙafarsu ba ta gama bushewa ba suka fara neman gunki. Aka ciyar da su daga sama, suka ce sun gaji, albasa suke so. Wani tsoho mai shayi ya ce, "Malam, ashe da 'yan'uwan matata a cikinsu." Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai Malam ya ce akwai wasunsu a bakin teku da aka hana kamun kifi ranar Asabar. Suka kafa taru ranar Juma'a, kifi ya shiga ranar Asabar, suka kwashe ranar Lahadi, suna cewa mu ba mu taɓa ruwa ranar Asabar ba. Ya ce, "Jama'a, wa suke yi wa wayo? Wanda ya ce kar a yi, bai san abin da yake nufi ba ne?" Na tashi na fita bayan masallaci. Tekun da aka tsallakar da su shi aka tsallakar da ni. Su sun yi wayonsu da rana, ni na yi nawa da hanya. Allahn da na roƙa a tsakiyar ruwa, a lokacin a cikin iyaka nake? Shi da ya ji ni a can, bayan dutse ne ba zai gan ni ba?

Bawa a saman dutsen unguwar Nakkasa yake zaune. Dattawan Hausawa suka ce a riƙa kai shi Masallacin Harami ranar Juma'a, tunda ina da mota aka ce ni zan fara. Yaya zan ƙi? Na je. Matarsa daga bayan labule ta ce, "Allah ya saka maka, Alhaji. Wanda ya yi masa wannan kuwa, Allah ya karya shi kamar yadda ya karya mu." Na ce amin. Da bakina.

Na ɗora shi a keken guragu muka fara gangarowa. Wanda ya san Nakkasa ya san gangaren nan. Muna tsakiya, bai waiwayo ba, ya ce, "In za ka saki, saki a nan. Gaba akwai mutane." Na ci gaba da gangarawa. Ya ce, "Tun ranar asuwaki na gane ka. Tabon goshinka ai aikina ne." Na ce, "To me ya sa ka shiga motar?" Ya ce, "Shekara tara ina jiran wani ya zo. Mutum biyar na jefa, ban san sunan ko ɗaya ba. Yanzu na san ɗaya." Ina riƙe da keken a tsakiyar gangare. Ba zan yi muku ƙarya ba, yatsuna biyu sun buɗe. Na mayar da su. Na kai shi, na zaga da shi ɗawafi, yana kuka, ni ko ɗigo.

Da na mayar da shi ya gaya wa dattawa shi ni yake so kullum, wai na iya riƙo. Ban sani ba ko yafiya ce, ko so yake in ƙarasa shi.

Ban yafe masa ba. Kuma na san na ci amanar Allah, wanda bai taɓa cin tawa ba. In na kai kaina hukuma, 'ya'yana sun rasa uba da iƙama. In na yi shiru, matarsa za ta ci gaba da sa mini albarka da baki ɗaya, tana tsine mini da shi. In na ci gaba da tura keken, ban amince da yatsuna ba.

Yau Juma'a. Ina cikin mota a gindin dutsen Nakkasa, ƙarfen yana nan ƙarƙashin kujerata ban jefar ba, shi kuma yana sama ya yi wanka yana jirana. Don Allah ku gaya mini, me zan yi?