Ƙarfen da Inna Ke Danne Faifai da Shi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Na gan shi! Shekara da shekaru ina cigiyar had-dis, wato ma'ajiyar bayanan tsohuwar kwamfutata, wadda ta ƙone tun ina kwaleji a Bici, ashe yana ɗakin Inna. Da shi take danne faifan ƙwaryar nono saboda kaji. Na ce, "Inna, kin san muryata ce a ciki?" Ta ce ita dai ta san yana da nauyi, in zan ɗauka in kawo mata dutse.

Duk karatun da na yi a musabaƙa yana ciki, kafin aikin maƙogwaro ya bar ni da muryar tsohon zakara. Tun daga nan ban ƙara buɗe baki na yi karatu a gaban mutane ba, har makarantar allon Baba na daina zama. Asiya kuwa bayan aikin na aure ta. Labari kawai take ji, kuma na san kara take min idan ta ce ta yarda. So nake ta ji da kunnenta.

Laraba, 9 ga Oktoba
Zaharaddini mai gyara a Tsanyawa ya ce ba sai an haɗa wata kwamfuta ba. Akwai adafta: baki ɗaya a jikin had-dis, ɗayan a laftof. Zai sa direba ya taho da ita daga Kano. Na dawo ina ta murmushi ni kaɗai a mota.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Ta iso. Na aro laftof ɗin hedimasta, na jona da bismillah, na kasa kunne. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na ce shi ke nan, nonon Inna ya shige shi. Na kira Zaharaddini, sai dariya yake. "Malam Sha'aban, babba ne fa, laftof ba za ta iya ciyar da shi ba. Duba kwalin, akwai wayar wutarsa daban." Ga ta kuwa. Saura wuta, mu da rabonmu da ita tun kafin damina. Nababa maƙwabci ya ce in zo kan solarsa jibi.

Asabar, 12 ga Oktoba
Cirar gyaɗa. Jikina a gona, hankalina a kwali.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Ya tashi! Na ɗora yatsa a kansa, na ji yana juyawa a ciki. Na ce wa Asiya ita kaɗai, amma kafin la'asar tsakar gidan Nababa ta cika, har Inna da tabarmarta.

Na buɗe Suratu Maryam. Wallahi ban gane yaron da ke karatun ba, alhali ni ne. Tsigar jikina ta tashi. Asiya ta dube ni, ta dubi laftof, ta rufe baki da mayafi. Daɗi ya kama ni, kishi ma ya kama ni, kishin kaina!

Hadari ya wuni yau, batir bai cika ba. Ana tsakiyar aya inbatar solar ta yi ƙara, wuta ta ɗauke, had-dis ya tsaya cak. Aya a rataye. Ban san lokacin da na ƙarasa ta ba. Da wannan muryar. Na wuce ta gaba, da ta gaba, har ƙarshen sura. Ba wanda ya yi dariya.

A hanya Asiya ta ce, "Waccan muryar ta mutane ce, Malam. Wannan ce tawa, kuma yau na fara jin ta."

Talata, 15 ga Oktoba
Na kwafe komai a filas, ƙaramar ma'ajiyar aljihu, had-dis ya koma kan faifan Inna, wai dutsen bai kai shi zama ba.

Da safe na biya ta makarantar Baba. Ba wai na koma ba ne. Tabarmata ce har yanzu a gindin darbejiya, kuma na ji ana jan wata aya ba daidai ba, sai na zauna.