Na gane hannun jikata a cikin kwano

Assalamu alaikum matan wannan zaure. Admin, ki rufa min asiri ki cire sunana, don akwai 'ya'yan ƙawayena a nan ciki. Ni ba yarinya ba ce, na aurar da 'ya'ya na ga jikoki, wayar ma da ƙyar nake danna ta, amma abin da ke gabana ya fi ƙarfin in yi shiru. Don Allah ku ba ni shawara. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, sai na koma baya sosai kafin ku gane abin da nake nema.

Ni 'yar Kurfi ce. A farkon shekarun tamanin, lokacin muna cikin jihar Kaduna, mahaifiyata ta rasu, aka kai ni riƙo wurin gwaggona a Dutsin-Ma don in yi sakandare. Wanda ya ga zamanin ya san yadda abinci ya yi tsada, har sabulu da madara sai an bi layi. Gidan cike yake da mutane, mu yara mata kuma babbar langa ɗaya ake zuba mana, kowa ya sa hannu. Ni kuwa ina da ci, ga ni da jiki, a ɗakin uwata ba a taɓa ƙirga min loma ba. Wata rana muna cin tuwon dawa mijin gwaggo ya zo wucewa, ya tsaya a kanmu ya ce, "Kai, wagga ɗiya ta Kurhi, hala rumbu gare ta a ciki? Ku yi hankali kar ta haɗa da langar." Aka kwashe da dariya. Wasa yake yi, Allah ya jiƙansa, na tabbata kafin ya kai zaure ya manta. Ni dai nan take na tuna ba gidanmu nake ba.

Daga ranar na fara janye hannu. Kun san cin kwano ɗaya, ba mai sanin abin da wani ya ci. In kai hannu, in dangwali miya, in dawo da shi kusan wayam, langa dai za ta ƙare, an wuce wurin. Abin da ya ƙarasa ni shi ne yabo. Gwaggo ta riƙa nuna ni ga baƙi tana cewa, "Kun ga ɗiyar marigayiya? Kunya gare ta kamar Bafillatana, ko gidan miji ba ta ba mu kunya." Na ƙara da azumin Litinin da Alhamis, aka ce ga ustaziya. To ku faɗa min, wa zai hana yarinya kunya a ƙasar Hausa, wa zai hana ta azumi? Ina ramewa ana sa min albarka.

Da farko ni ke riƙe da abin, daga baya shi ya riƙe ni. Ya kai in na ji yunwa sai in ji daɗi, in ji na fi kowa tsarki, in na ci kuwa sai in ji kamar na yi sata. Al'adata ta ɗauke, gashina ya riƙa bin mataji, ina jin sanyi a tsakiyar bazara. Sai da na faɗi a filin asembili hankalin mutane ya tashi. Aka kai ni asibiti, aka duba tarin fuka, aka duba tsutsar ciki, ba a ga komai ba, aka ba ni maganin ƙarin jini. Da hutu aka mayar da ni Kurfi, nan kuma aka ce mayu ne. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi, har wata tsohuwa ta sa aka danne ni ta yi min ɗura da kunu kamar jaririya. Wallahi ɗurar nan ita ta fi komai ɓata ni, bayanta ko ƙanshin kunu na ji sai jikina ya hau rawa. Na koma Dutsin-Ma ina riƙe bango in zan tashi.

A maƙwabtanmu akwai wata Kirista 'yar wajen Jos, muna ce mata Maman Ladi. Mijinta yana aiki wurin madatsar ruwan Zobe, ita kuma tana tuyar ƙosai da safe a ƙofar gida. Tsofaffin mujallun da injiniyoyin can suka gama da su yake kwaso mata, da su take naɗe ƙosai. Ni ake aike saye, kuma ina son karance takardun don in koyi Turanci. Wata safiya takardar da ta faɗo min tana da hoton wata Baturiya, man tuya duk ya ɓata rabin fuskarta. Na fara haɗa kalmomin da ƙyar a bakin hanya, sai na tsaya cak. Matar nan ta wata duniya, ba ta san tuwo ba, ba ta san langa ba, amma ni take faɗa. Yadda take jin daɗin yunwa, yadda take yaudarar mutanen gidansu a wurin cin abinci, yadda take jin wani abu a kanta yana tsawata mata in ta ci. Ta ce ciwo ne, yana da suna, kuma ba ita kaɗai ba ce. Tana fara bayanin ranar da ta soma samun sauƙi, takardar ta ƙare.

Na koma da gudu, ni da ko tafiya ba na iyawa, na ce wa Maman Ladi ina sauran. Muka zazzage tarin takardunta, babu, ta riga ta naɗe wa wasu ƙosai da su. Ta ga ina kuka a kan takardar ƙosai, ta karɓa ta karanta, don ta yi makarantar mishan. Ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Yarinya, ke ne wannan, ko?" Ba ta yi min wa'azi ba, ba ta kai ƙarata wurin gwaggo ba. Ta dai ce gobe in na zo in shigo ciki. Washegari ta zaunar da ni a bayan kicin ɗinta, ta ajiye min ƙosai ɗaya da ɗan koko a wani ƙaramin faranti, nawa ni kaɗai, ta juya min baya ta ci gaba da tuyarta tana ba ni labarin garinsu. Ba ta duba ko na ci ba. Haka muka yi ta yi, wata rana in ci, wata rana in bari, har aka mayar da mijinta wani gari. Ba zan ce takarda ce ta warkar da ni ba, sauƙin ya ɗauki shekaru, amma ita ce ta fara faɗa min ba maye ke cina ba kuma ba lalacewa na yi ba. Har mijina ya rasu bai san wannan labari ba, 'ya'yana ma ba su sani ba. Abin da kowa ya sani shi ne Hajiya ba ta da ci, ba ta cin abinci a gidan biki.

To yanzu ga abin da ya kawo ni. Jikata, 'yar babban ɗana, bari in kira ta Ummi, tana zaune a wurina nan Dutsin-Ma tana sakandare, iyayenta suna wani gari wurin aiki. Bara na zauna ina kallonsu suna cin shinkafa a tire ɗaya da 'yan uwanta, sai na ga hannunta ya je ya dawo wayam. Wallahi hannuna ne na gani. Na yi ta lallashi a fakaice, na kasa, ga ƙawayena suna cewa ai 'yan matan yanzu haka suke son zama. Watan jiya ta faɗi a makaranta, aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin ruwa. Wannan karon Allah ya haɗa mu da likita mai lura, ya ce ciwon ƙin cin abinci ne, yana iya kisa, kuma ya rubuta mu je Katsina wurin likitan ƙwaƙwalwa. Tun da aka sallamo ta ta fara ɗan ci, kaɗan dai, amma tana ci.

Da ubanta ya ji maganar likitan ƙwaƙwalwa sai ya hau sama. Ya ce 'yarsa ba mahaukaciya ba ce, kar in kuskura a ji wannan magana a gari, wa zai aure ta gobe. Ya ce shagwaɓa ce da kallon waya, kuma ni na sangarta ta. Na ce masa ni na haife shi, ya rage murya. Ya ba ni haƙuri amma bai sauka ba, ya ce ranar Juma'a zai zo ya kai ta Birchi wurin kakarta ta wajen uwa, can ba wasa, in ta ƙi ci za a danne ta a ɗura mata har ta dawo hayyacinta. 'Yan uwa, na san ɗura. Jikina ya san ta. In aka yi wa yarinyar nan, ɗan abin da ta fara ci ma ya tafi, kuma ban san ko za ta dawo min da ranta ba.

Na gwada dabarar Maman Ladi, ina ba ta farantinta daban ina juya baya. Amma ba ta magana. Da na matsa mata sau ɗaya, ta dube ni ta ce, "Hajiya ki bari kawai, ba za ki gane ba." Ni! Na shiga ɗaki na yi kuka kamar ranar takardar ƙosai. Abu ɗaya na sani game da Ummi, mayyar karatu ce, littattafan Hausa take sha kamar ruwa, abin da ba za ta saurara daga bakin mutum ba za ta karɓa daga takarda. Na sa an duba min a waya, duk abin da ya fito Turanci ne, na mutanen da abincinsu da gidajensu ba irin namu ba, wasu ma hotuna ne da ke ƙara zuga yara su rame, na yi maza na rufe.

Shi ya sa nake roƙonku. Akwai wadda ta san wani littafi, ko rubutu, ko da shafi biyu ne, da Hausa ko sauƙaƙan Turanci, wanda macen da ta yi wannan ciwo ta tashi ta rubuta? Wanda ya kai har wurin samun sauƙi, ba irin nawa da ya yage a tsakiya ba? Wanda ya san kwano ɗaya, ya san kunya, ya san azumin nafila? Likitoci da nas-nas na cikin zauren nan, akwai abin da zan ba ubanta ya karanta ya yarda ciwo ne, ya bar mu mu je Katsina? In kuma babu, ku faɗa min gaskiya, in miƙa wa Ummi wayar nan ta karanta wannan da na rubuta? Ina tsoron ta ɗauki rabin farko ta bar na ƙarshe. Ina kuma tsoron in ubanta ya ji ya ce ashe a wurina ta gada, ya ɗauke ta tun kafin Juma'ar.

Yanzu haka da nake danna wayar nan tana zaune a bayana a tsakar gida. Na ajiye mata ƙosai ɗaya da ɗan koko, na juya mata baya, ina yi kamar ina hira da ku. Kokon ya fara hucewa, har yanzu ban ji ƙarar cokali ba. Don girman Allah, me zan ba ta ta karanta?