Gaurakin Diggi

Asabar, 3 ga Zulƙida 1331, Gwandu
Baba ya kafe. Wai sai na kai shi fadamar Diggi ya ga rawar gauraki kafin yanar da ke idonshi ta gama rufe shi. Can ya yi kiwo yana yaro. Na ce dawata ta kusa yanka, ga ɗalibaina. Ya ce, "To Haliru, ba ni sandata in tai ni ɗai." Matata Azumi ta ce in bi shi, kada gari ya ci namana.

Litinin, 5 ga wata, Kalgo
Shi bisa jaki, ni a ƙasa. Ƙafafuna sun yi bororo. Duk tsuntsun da ya yi kuka sai mu tsaya. "Mi kag gani?" Mi zan gani? Tsuntsu mana!

Talata, 6 ga wata, Diggi
Mun sauka wurin Bawa masunci, ɗan abokin Baba. Ya ba mu bukka mai warin kifi. Sauro kamar an aiko su.

Alhamis, 8 ga wata
Tun asuba cikin jirgi, ruwa na jiƙa mani riga. Balbela, ɗinya, wani zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran shari'a. Gauraka ko ɗaya. Baba ba ya rarrabe komi in ya wuce tsawon hannu, na gane haka yau da ya gaida kututture. Amma dole in faɗa mashi launin ƙafa, launin baki, ko wuyan na lanƙwasa. Na ce wani baƙi ne. Ya ce, "Baƙi kamar mi?" Na kama istigfari don kada in yi saɓo.

Juma'a, 9 ga wata
Babu.

Lahadi, 11 ga wata
Wani mai jaki daga Gwandu ya ce tsuntsaye sun faɗa wa dawata, ba mai kora. Ina nan ina neman tsuntsu, tsuntsu na can yana cin gonata! Na so in ce wa Baba ga gauraki can nesa, mu tashi. Har na buɗe baki. Na ga yadda ya miƙa wuya yana saurare, na kasa.

Da la'asar jikinshi ya yi zafi. Gobe za mu koma, ko ya so ko ya ƙi.

Litinin, 12 ga wata
Wannan rana!

Na tafi bakin ruwa alwala, Baba na kwance yana rawar sanyi. Sai ga gauraki biyu sun sauka kan tudu, kusa ƙwarai. Tukkun kansu kamar zinariya, kumatu fari da ja. Ɗaya ya buɗe fukafukai, ya rusuna, ya yi tsalle, ɗayar ta amsa mashi. Na manta da butar da ke hannuna. Da na farga na ruga, na goyo Baba a baya kamar jariri, ina zamewa cikin taɓo. Muna isa suka tashi. Kukansu kawai ya samu.

Na sauke shi na zauna. Ni da ban nema ba aka nuna wa.

Ya ce, "Sun yi rawa?" Na ce sun yi. "Ƙaƙa?" Na fara bayani, ya ce a'a, in gwada mashi. Ya kama damatsana biyu. Ni, mai rawani, mai karantar da Risala, na buɗe hannuwa na rusuna na yi tsalle cikin taɓo. Bawa ya kau da kai. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin gemunshi. Ya ce, "Awo, haka na. Mu tai gida."

Wannan kada kowa ya ji.

Litinin, 19 ga wata, Gwandu
Baba ya fara shan fura, alhamdu lillahi. Dawa kuwa rabi ta tafi. Azumi ta ce ban yi faɗan da ta zata ba.

Yau ina tsakiyar karatu wani ɗan tsuntsu ya sauka bisa katanga, ƙirjinshi ja kamar garwashi. Sai da Lawal, babban ɗalibina, ya ce, "Malam, mun tsaya a babin taimama," sannan na dawo. Na tambayi Baba sunanshi, bai sani ba. Zan tambayi Bawa in na koma Diggi bayan Salla. Kifi zan sayo, ba wani abu ba.